Gane irin 'yan tsaki

Gane irin 'yan tsaki shi ne duba siffofin jikin ƙananan kaji, tun daga ranar ƙyanƙyasa har zuwa lokacin da suka tasa, domin a san irin da suka fito daga ciki da kuma amfanin da za a samu idan sun girma, wato ƙwai, ko nama, ko duka biyun. Masu kiwo sukan dogara da launin gashin jarirta, siffar zanko, launin ƙafa da fata, yawan yatsu, gashin ƙafa, tukku, da saurin girma. Alama guda ba ta wadatarwa, saboda iri daban-daban sukan yi kama da juna a makonnin farko. Akan haɗa alamomi da yawa, a kuma ci gaba da lura har tsawon wasu makonni kafin a tabbatar. A gidajen da kaji ke yawo a sake suna barbara da kowane zakara, yawancin 'yan tsaki gauraye ne, don haka abin da ake iya ganewa shi ne siffofin da suka gada, ba sunan wani iri tsantsa ba.

Ma'anar iri

Duk kajin duniya halitta guda ce, wadda masana kimiyya ke kira Gallus gallus domesticus, kuma tushenta jar kazar daji ce ta Kudu maso Gabashin Asiya. A harkar kiwo kalmar "iri" tana ɗauke da ma'anoni uku da ake yawan cakuɗawa.

Na farko shi ne iri tsantsa, wato kajin da idan aka haɗa zakara da kaza daga cikinsu za su haifar da 'ya'ya masu kama da su. Misalansu su ne Leghorn, Brahma da Rhode Island Red. Ƙungiyoyin masu kiwo ne ke rubuta siffofin da ake bukata ga kowane iri. A Ingila an fara buga irin wannan kundi a 1865, a Amurka kuma a 1874. Iri guda yakan kasance da launuka da dama, kamar yadda ake samun farar Leghorn da mai ruwan ƙasa.

Na biyu shi ne haɗin kamfani. Waɗannan kaji ne da kamfanoni ke samarwa ta hanyar haɗa zaɓaɓɓun iyaye domin ƙwai ko nama, kamar ISA Brown da Cobb 500. 'Ya'yansu ba sa fitowa daidai da su.

Na uku shi ne kajin gida, waɗanda ake kira kajin Hausa a arewacin Najeriya. Ba wani kundi da ya ƙayyade siffarsu. Yanayi, cututtuka da zaɓin masu gida ne suka tace su tsawon ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ake rarraba su bisa yanki ko bisa wata siffa da ta fito fili.

Kalmomi

Ana kiran ƙaramin kaza tsako ko ɗan tsako, jam'i 'yan tsaki. Macen da ta tasa amma ba ta fara ƙwai ba ita ce sagara. Zanko shi ne jan naman da ke bisa kai, tukku kuma tarin gashi ne a kai, don haka abubuwa biyu ne daban. Naman da ke reto a ƙarƙashin baki ana ce masa leɓe. Kwanci shi ne zaman kaza a kan ƙwai har ta ƙyanƙyashe. Kaza mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari ana ce mata wake-wake, mai gajerun ƙafafu kuma durgu. Daga bakin masu gidajen gona an samu kalmomin aro irin su buroila, wato kajin nama, da leyas, wato kajin ƙwai.

Muhimmanci

Sanin iri da wuri yana shafar abinci, wurin kwana da lissafin riba. Buroila yana bukatar abinci mai yawan furotin tun daga ranar farko, kuma a kan sayar da shi bayan mako shida zuwa takwas. Kazar ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20 kafin ta fara biyan kuɗin abincinta. Abincin kaji masu yin ƙwai yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, wanda ke iya lalata ƙodar ɗan tsako idan aka ba shi da wuri.

Juriya ma ta bambanta. Buroila mai nauyi yana shan wahala a zafin bazara, ba ya iya guje wa shaho ko shirwa, kuma ba ya ƙoshi da abin da zai tsattsaga a tsakar gida. Ɗan tsakon gida yana iya rayuwa da dusa, tsaki da ƙwari, ko da yake girmansa a hankali ne. Wanda ya sayi 'yan tsaki wata biyu kafin Sallah ko Kirsimeti da nufin sayar da nama, idan ya tarar zakarun leyas aka ba shi, zai ciyar da su wata huɗu ko biyar kafin su kai girman kasuwa, lokacin kuma ciniki ya riga ya wuce.

Lokacin da alamomi ke bayyana

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 21. Daga nan alamomi sukan fito daki-daki.

Ranar farko zuwa ta uku: ana ganin launin gashin jarirta, yawan yatsu, gashin ƙafa, tsiraicin wuya, launin fata da tudun kai na masu tukku.

Mako na farko zuwa na biyu: gashin fiffike yana fitowa, sannan na jela. A nan ne murɗaɗɗen gashi ke fara nuna kansa, kuma bambancin nauyi tsakanin buroila da sauran kaji yake fitowa fili.

Mako na uku zuwa na shida: gashi yana rufe kafaɗa, baya, ƙirji da kai. Siffar zanko tana bayyana sosai, kuma zankon maza yana fara ja.

Mako na 12 zuwa na 16: zakaru suna fitar da dogon gashi mai tsini a wuya da gindin baya. Launin girma yana daidaita bayan ɗan tsako ya sauya gashi fiye da sau ɗaya.

Daga wata na biyar: launin ƙwai da yawansa suna ba da shaida ta ƙarshe a kan mata.

Gashin jarirta

Launin gashin jarirta shi ne abin da ido ke fara kamawa, amma shi ne ya fi yaudara. Ɗan tsako mai ruwan ɗorawa yana iya zama buroila, ko farar Leghorn, ko Sussex, ko namijin leyas. Mai jan gashi ko ruwan zuma yakan zama Rhode Island Red ko macen jajayen leyas. Baƙi mai farin ciki da farin maƙogwaro yakan girma ya zama baƙi wuluk, kamar Australorp, domin farin yana ɓacewa idan gashin girma ya fito. Baƙi mai farin ɗigo a tsakar kai yana ɗauke da gadon gashi mai ratsi-ratsi, irin na Plymouth Rock.

Akwai kuma 'yan tsaki masu ruwan ƙasa da dogayen layuka a baya da wani baƙin layi da ya ratsa ido kamar kwalli. Wannan shi ne launin asali na kazar daji, wanda ke taimaka wa ɗan tsako ya saje da ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ana samunsa a Leghorn mai ruwan ƙasa da Welsummer, kuma ya yawaita a kajin gida, don haka ba ya nuna wani iri guda.

Zanko

Siffar zanko ba ta sauyawa daga haihuwa har mutuwa, girmansa ne kawai ke ƙaruwa. Fitattun siffofi su ne:

Miƙaƙƙe: layi guda a tsaye mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Shi ya fi yawa a duniya da kuma kajin gida na Afirka ta Yamma. Leghorn, Rhode Island Red da galibin kajin kamfani suna da shi.

Mai layi uku: gajere, da layuka uku na ƙananan ƙulli, na tsakiya ya ɗan fi tsawo. Shi ne na Brahma.

Shimfiɗaɗɗe: mai faɗi da ƙuraje-ƙuraje a sama da tsini guda a baya, kamar na Wyandotte.

Dunƙulalle: kamar curi a gaban kai, irin na Silkie.

Mai ƙaho biyu: kamar na kajin Polish masu babban tukku.

William Bateson da Reginald Punnett na Jami'ar Kambirij sun nuna a farkon ƙarni na 20 cewa gadon shimfiɗaɗɗen zanko da na mai layi uku suna rinjayar na miƙaƙƙe, kuma idan suka haɗu a jikin kaza guda sai a samu dunƙulalle. Wannan yana nufin iyaye biyu masu shimfiɗaɗɗen zanko za su iya haifar da mai miƙaƙƙe idan kowannensu yana ɓoye da wannan gado. A ɗan tsako na kwana ɗaya, miƙaƙƙen zanko yana fitowa a matsayin siririn layi mai ɗan karta-karta, sauran kuma sukan zama fili mai faɗi a saman baki.

Ƙafa, yatsu da fata

Launin ƙwauri ya kasu gida uku. Ruwan ɗorawa shi ne na Leghorn, Rhode Island Red, Plymouth Rock, Wyandotte, Brahma da yawancin buroila. Fari mai ɗan ja-ja shi ne na Sussex da Dorking. Ruwan toka ko baƙi shi ne na Australorp da Fayoumi. Tafin ƙafa yana raba wasu iri masu kama da juna: baƙar Jersey Giant tafinta ruwan ɗorawa ne, na Australorp kuma fari.

Ruwan ɗorawan ƙafa yana bukatar gado da abinci duka biyu. Launin yana fitowa ne daga sinadaran da ke cikin jar masara da ɗanyen ganye. Ɗan tsakon da ake ciyarwa da dawa, gero ko farar masara yana iya yin ƙafa mai haske ko da iyayensa masu ruwan ɗorawa ne. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa kajin gida sun samo wannan launin fata ne daga kazar daji mai ruwan toka ta Indiya.

Yawancin kaji yatsu huɗu gare su. Iri biyar ne aka fi sani da yatsu biyar: Silkie, Dorking, Faverolles, Houdan da Sultan. Gashin ƙafa kuma yana nuna jinin Brahma, Cochin, Silkie ko Faverolles. Dukan siffofin biyu suna da rinjaye wajen gado, don haka suna fitowa a gauraye. Ɗan tsako mai gashin ƙafa ba lalle ne ya zama Brahma tsantsa ba, sai an ga zanko mai layi uku, ƙafa mai ruwan ɗorawa da ƙirar babban jiki sun haɗu.

Baƙar fata, wadda ake gani idan aka hura gashin ciki, alama ce ta Silkie ko Ayam Cemani ta ƙasar Indunisiya. Silkie tana haɗa baƙar fata da yatsu biyar, tukku da gashin ƙafa, ita kuwa Ayam Cemani ƙafarta fes take, yatsu huɗu, zanko miƙaƙƙe kuma baƙi.

Tukku, gemu da kunne

'Yan tsakin Polish da wasu Silkie ana haihuwarsu da tudu a tsakar kai, inda tukku zai tsiro. Ƙashin wurin ba shi da ƙwari, don haka sara daga wasu kaji yana iya yi musu illa. Masu gemu, irin su Faverolles, kumatunsu da haɓarsu sukan cika da gashi tun suna ƙanana.

Fatar kunne tana fitowa sosai ne bayan wasu makonni. Galibi kaji masu farin kunne, kamar Leghorn, farin ƙwai suke yi, masu jan kunne kuma ƙwai mai ruwan ƙasa. Wannan ba doka ba ce, akwai iri da suka saɓa mata. Araucana ta ƙasar Cile jan kunne gare ta amma ƙwanta shuɗi ne.

Nauyi da ɗabi'a

Sikeli ya fi ido gaskiya wajen raba kajin nama da sauran. Ɗan tsakon kamfani yana da nauyin giram 35 zuwa 45 a ranar ƙyanƙyasa, na gida kuma yakan gaza haka saboda ƙanƙantar ƙwai. Buroila mai samun abinci yadda ya kamata yana ninka nauyinsa kusan sau huɗu a mako guda, ya kai wajen giram 180. Ɗan tsakon leyas a wannan lokaci bai wuce giram 70 ba. A mako na shida buroila ya kai kilo biyu ko fiye, sagarar leyas kuwa tana kusa da rabin kilo.

Buroila yana da kaurin ƙafa, faɗin ƙirji da gajeren wuya. Yana yawan kwanciya kusa da abinci, kuma gashinsa ba ya saurin rufe jiki. Leyas da kajin gida siririn jiki gare su, suna da zafin nama, suna tono, suna tsalle bisa duk abin da suka samu. Fayoumi da Leghorn sun yi suna wajen firgita da tashi sama, Brahma da Cochin kuma wajen sanyin hali da jinkirin fitar da gashi.

Kajin gida na Afirka ta Yamma

Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, tana kwanci tana renon 'ya'yanta. Nauyinta yakan tsaya tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi. Masu bincike a Najeriya sun fi ambaton kashi biyu: kajin Fulani, waɗanda suka fi girma da tsawon ƙafa, da kajin ƙasar Yarabawa, waɗanda suka fi ƙanƙanta. A Jamhuriyar Nijar an san Kolonto, wata doguwar kaza mai girman jiki da ake kiwo a yankin Gaya na jihar Doso. A makonnin farko da wuya a raba waɗannan da ido, sai dai a lura da tsawon ƙwauri da saurin girma.

Siffofi uku ne ake ganewa cikin sauƙi.

Tsiraicin wuya yana bayyana tun ranar farko. Ɗan tsakon da ya gaji siffar daga iyaye biyu wuyansa fes yake, wanda ya gada daga ɗaya kuma yakan kasance da ɗan tarin gashi a gaban wuya. Siffar tana rage gashin jiki da kusan kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, abin da ke taimaka wa kaza wajen jure zafi. Ra'ayin cewa waɗannan kaji haɗin kaza ne da talotalo ba gaskiya ba ne. Ana bambanta tsiraicin gado da zubar gashi na ƙwarƙwata ko saran juna ta hanyar duba fata: ta gado sumul take, babu rauni ko guntayen gashi.

Murɗaɗɗen gashi ba ya nunawa a ranar ƙyanƙyasa. Sai gashin fiffike ya fara tsirowa ake ganin bakinsa yana lanƙwashewa waje maimakon ya kwanta a jiki. Idan aka haɗa iyaye biyu masu wannan siffa, wasu daga cikin 'ya'yan sukan fito da gashi mai saurin karyewa, su kuma sha wahala a lokacin sanyi.

Durgu ana gane shi da gajeren ƙwauri idan aka jera shi da 'yan uwansa, musamman daga mako na biyu.

Kajin kamfani da ingantattun iri a Najeriya

Yawancin 'yan tsakin kwana ɗaya da ake sayarwa a biranen arewa suna fitowa ne daga kamfanonin ƙyanƙyasa, da dama daga cikinsu a yankin Ibadan, a cikin kwalaye masu ɗaukar 50.

Buroila irin su Cobb 500, Ross 308 da Arbor Acres dukansu ruwan ɗorawa ne suna ƙanana, su koma farare. Ko ƙwararre ba ya iya raba su da ido, sai da takardar kamfani.

Jajayen leyas sun haɗa da ISA Brown, wadda aka samar a Faransa a 1978, da Lohmann Brown ta Jamus. Matansu ja-ja ne, mazan kuma fari-fari. Kaza guda tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara. Baƙaƙen leyas, irin su Harco da Nera, matansu baƙaƙe ne, mazan kuma suna da farin ɗigo a kai.

Shika Brown kazar ƙwai ce da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar domin ta dace da yanayin ƙasar. FUNAAB Alpha kuma ta fito ne daga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Adebambo, an yi mata rajista a 2018, kuma tana ɗauke da jinin kajin gida.

Noiler, ta kamfanin Amo da ke garin Awe a jihar Oyo, da Kuroiler ta Indiya da Sasso ta Faransa, kaji ne na nama da ƙwai. 'Yan tsakinsu suna zuwa da launuka barkatai, baƙi, ja, ruwan ƙasa da mai ratsi, don haka a ranar farko suna kama da na gida. Abin da ke raba su shi ne girma: sun fi na gida kauri da saurin tasowa, amma ba su kai buroila ba.

Bambance namiji da mace

A tsuntsaye, mace ce ke ƙayyade jinsin ɗa. Zakara yana da kuromosom Z guda biyu, kaza kuma tana da Z da W. Kaza tana ba 'ya'yanta maza Z ɗinta, mata kuma W. Saboda haka duk siffar da ke kan Z na uwa, maza ne kaɗai ke gadonta daga wajenta. Kamfanoni suna amfani da wannan ta hanyoyi uku.

Idan aka haɗa jan zakara da farar kaza mai gadon launin azurfa, mata sukan fito ja, maza farare. Idan aka haɗa zakara marar ratsi da kaza mai ratsi, maza ne ke fitowa da farin ɗigo a kai. Idan kuma aka haɗa zakara mai saurin fitar da gashi da kaza mai jinkiri, ana duba fiffike a kwana ɗaya ko biyu na farko: a mace layin gashi na ƙasa ya fi na sama tsawo, a namiji tsawonsu ɗaya ne ko na ƙasa ya fi gajarta.

Waɗannan hanyoyi suna aiki ne a zubin farko na haɗin da aka tsara kawai. Ba sa aiki a kajin gida, haka nan ba sa aiki a 'ya'yan da leyas ta haifa da zakaran unguwa. Akwai kuma iri tsantsa da ake gane jinsinsu da launi a kowane zubi, kamar Cambar da Legbar, waɗanda Punnett da Michael Pease suka samar a Kambirij.

Hanyar duba dubura ta samo asali ne a Japan a shekarun 1920, daga aikin Kiyoshi Masui da abokan aikinsa. Tana bukatar dogon horo, kuma hannun da bai iya ba yana iya kashe ɗan tsako. Dabarun gargajiya, kamar duba tsinin ƙwai ko rataye ɗan tsako ta ƙafa a ga yadda zai motsa, ba su fi kintace ba. Ga mai kiwon gida, hanya mafi aminci ita ce jira: namiji yakan riga mace jan zanko da leɓe daga mako na huɗu zuwa na shida, ƙafarsa ta fi kauri, daga baya kuma gashi mai tsini da cara su tabbatar.

'Yan tsakin wasu tsuntsaye

A ƙasar Hausa an saba sanya wa kaza ƙwan zabi ta yi kwanci a kai, don haka akan ga uwa guda tana jan 'ya'ya iri biyu. Ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28. Ɗan zabo ya fi ɗan tsako ƙanƙanta, ƙafarsa da bakinsa ruwan lemo ne, kansa yana da siraran layuka, kuma ba shi da zanko. Ɗan talotalo, wanda ke fitowa bayan kwana 28, yana da dogon wuya da ɗan ƙulli a saman baki. Ɗan agwagwa ana gane shi da faffaɗan baki da fatar da ta haɗe yatsunsa.

Kurakurai da maguɗi a kasuwa

Kamfanonin kajin ƙwai ba sa bukatar maza. A wasu ƙasashen Turai akan kashe su a ranar ƙyanƙyasa, abin da Jamus ta haramta daga farkon 2022. A Afirka ta Yamma kuwa ana sayar da su da araha domin kiwon nama. Da yake fararen cikinsu suna kama da buroila, baƙaƙen kuma suna kama da Noiler, wasu 'yan kasuwa sukan sayar da su da sunan waɗancan. Akwai kuma masu rina 'yan tsaki da launuka masu ɗaukar ido, wanda ke ɓoye launin asali gaba ɗaya. Masu kiwo sukan kare kansu ta hanyar sayen kwali a rufe mai ɗauke da sunan kamfani da ranar ƙyanƙyasa, karɓar rasidi, da auna 'yan tsaki a rana ta bakwai. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa shi ma abin lura ne.

A cikin gida, kuskure ya fi zuwa ne daga ɗauka cewa kazar da ta yi kwanci ita ce uwar duk abin da ta ƙyanƙyashe. Kaji da yawa sukan zuba ƙwai a wuri guda. Bayan haka, kaza tana iya ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako biyu ko fiye, don haka 'yan tsakin zubi guda suna iya zama 'ya'yan zakaru daban-daban. Mai son iri tsantsa yakan killace kaza da zakaran da ya zaɓa na tsawon mako uku kafin ya fara tara ƙwai.

Rashin lafiya ma yana rikitar da alamomi. Tsutsar ciki, ƙarancin abinci, da cututtuka irin su Gumboro suna tsumburar da ɗan tsako, har buroila ya yi kama da ƙaramin iri.

Tsarin dubawa

Masu ƙwarewa sukan fara da siffofin da ba sa sauyawa, su ƙare da masu sauyawa. Da farko a ƙirga yatsu, a duba gashin ƙafa, wuya, tudun kai da launin fata. Sannan a duba siffar zanko, sai launin ƙwauri da tafin ƙafa. Launin gashi shi ne na ƙarshe. Bayan haka a riƙa auna nauyi kowane mako ana rubutawa, a kuma kwatanta da abin da aka sani game da iyaye ko wurin da aka sayo. Duk siffar da ta saɓa wa irin da ake zato, kamar yatsu huɗu a ɗan tsakon da aka ce Silkie ne, tana iya nuna gauraye.

Inda ake bukatar tabbaci, kamar a cibiyoyin bincike da shirye-shiryen adana kajin gida, ana gwada ƙwayoyin gado daga jini ko gashi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rumbun bayanai na intanet mai suna DAD-IS, inda ƙasashe ke shigar da siffofin irin dabbobin gidansu, har da kaji.